Daga Sakkwato da aljihun ɗalibi: inda za a je da yadda za a shirya

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, ɗalibai da yawa a Sakkwato suka cire tafiya daga lissafinsu. Daga makaranta sai gida, gidan ma sai an yi dogon hutu. Dalilin a fili yake, domin wanda ke ƙirga kuɗin kabu-kabu kafin ya fita lacca ba za a zo masa da zancen Yankari ko Obudu ba. Duk da haka yana damuna in ga yaro ya share shekara huɗu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko a makarantar Shehu Shagari, ko a Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, ya karɓi takardarsa ya tafi bai taɓa taka Hubbare, makwancin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ba, bai san hanyar Sifawa, inda Shehun ya taɓa zama, ba. Mutane kuwa na tasowa daga Adamawa da Ilori, daga Nijar da Kamaru, su kashe kuɗin da suka daɗe suna tarawa domin su ga waɗannan wurare. Kai da ke zaune a garin, abin da kake buƙata ɗan kuɗin mota ne da tsari.

Shawarata ga ƙannena ɗalibai ita ce a fara da kusa, a tafi cikin ƙungiya, a tafi da rana, a riƙa faɗaɗa da'irar sannu a hankali gwargwadon abin da aljihu ya ɗauka.

Kafin kuɗi, labarin hanya

Matakin farko ba ya cin ko kwabo, amma shi ke yanke hukunci a kan sauran. Jiharmu na fama da 'yan bindiga a gabas, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah, sannan a yamma da arewa maso yamma akwai matsalar ƙungiyar 'yan bindiga ta Lakurawa wajen Tangaza da Gudu da Binji da Silame. Abin baƙin ciki, wasu daga cikin wuraren tarihi mafi daraja a waɗannan yankuna suke. Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, tana ƙasar Sabon Birni. Gudu, inda Shehu ya yi hijira a 1804, da Tabkin Kwatto inda aka gwabza yaƙi a wannan shekarar, suna can yamma. Kufan Surame, birnin da Kanta, sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16, wanda har yau ganuwarsa ta dutse ke tsaye a wasu wurare, yana ƙasar Binji. Duk wanda ke son tarihi ransa zai biya ya je. Ku jingine su tukuna. Ba su cikin tafiyar da ɗalibi zai shirya da kansa a wannan hali da ake ciki.

Sauran hanyoyin ma ba a ɗaukarsu da tsohon labari. Hanyar da ke lafiya a watan jiya tana iya ɓaci a wannan makon. Saboda haka ana tambaya sau biyu: kwana uku kafin tafiya, da kuma daren da za a wayi gari a tashi. Waɗanda za a tambaya su ne masu bin hanyar kullum, wato direbobin tasha da 'yan kamasho, sai kuma abokin karatunku ɗan garin, ya kira gida ya ji daga bakin iyayensa. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi ɗan jim kafin ya amsa, ko ya ce "to, sai dai addu'a", a fasa. Kuɗin da aka tara ba ya lalacewa don ya ƙara wata guda a ajiye.

Sai iznin gida. Kowa ya sanar da iyayensa inda za shi, da wanda za shi tare da su, da ranar dawowa. Ga ɗalibai mata wannan ya fi ƙarfi: a samu amincewar gida ƙarara, a tafi da 'yan'uwa mata aƙalla biyu ko uku, kuma in akwai yaya ko ƙane namiji a makarantar, a sa shi cikin tafiyar.

Yadda za a haɗa kuɗin

Mutum ɗaya ba ya iya wannan tafiya da arha. Ku haɗu ku shida ko bakwai, gwargwadon cikin ƙaramar mota guda. Fiye da haka sai hayaniya ta yi yawa, masauki ya yi wuya, kullum ana jiran wani.

Ku buɗe asusu irin na adashe, sai dai wannan ba mai kwasa, kuɗin tafiya ne. A ce ku shida ne, kowa na zuba naira 500 duk Juma'a. A mako goma sha biyu, kusan tsawon zangon karatu guda, kun tara naira 36,000. In kuna iya zuba 1,000, kun sami 72,000. Ku zaɓi ma'aji mutum ɗaya, ku zaɓi wani daban mai rubutawa, kuma duk wanda ya zuba a sanar a zauren WhatsApp ɗinku nan take. Kuɗi tsakanin abokai na son haske tun daga ranar farko.

Ba zan kawo farashin mota a nan ba, domin yana bin farashin mai, abin da aka faɗa yau gobe ya canza. Ku aika mutum biyu tasha su tambayo kuɗin kujera ɗaya zuwa inda kuke so. Ku ninka shi biyu saboda dawowa, ku ninka da yawanku. Wannan shi ne ƙashin bayan lissafin. A kansa ku ɗora kuɗin zirga-zirgar cikin gari, da na abinci, da ɗan abin da za a ba masu kula da wuraren da za a ziyarta, da tsarabar masu masauki. Abin da ya fito, ku ƙara masa kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana. In asusunku bai kai wannan jimla ba, ku zaɓi wuri mafi kusa. Kada a tashi da niyyar "in mun isa can za mu san yadda za mu yi".

Abu biyu nake roƙonku. Kuɗin rajista da na jarrabawa ba a taɓa su. Naira 20,000 ɗin da NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na bashin karatu, ke ba wasu ɗalibai duk wata kuma bashi ne da za a biya wata rana, an bayar ne don ci da sabulu da takardu. In mutum ya tsimi ɗari biyar daga ciki ya zuba a asusu, babu laifi, amma kwashe na wata guda a zuba a mota bai dace ba.

Game da lokaci, zancen gajere ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, lokacin hunturu, an gama girbi, abinci ya wadata a ƙauyuka, ana iya yawo da ƙafa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato na wuce digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne, cunkoso a mota ba alheri ba ne. Da damina hanyoyin fadama na yankewa. A kuma kauce wa kwanakin da ke gab da sallah, lokacin da kuɗin mota ke tashi.

Tafiya ta farko: cikin birni, da ƙafa

Wannan ba ta buƙatar asusu ma. Ɗalibin da ke mazaunin jami'a na dindindin ya hau motar makaranta zuwa Dandima, daga nan keke napep ya sauke shi Kanwuri, wajen fadar Sarkin Musulmi. Ku isa da hantsi, kafin rana ta buɗe.

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, Shehu ya dawo cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Gidan da ya zauna shi ne Hubbare, nan kabarinsa yake, nan kuma aka binne 'yarsa Nana Asma'u da ta rasu a 1864. Za ku ga mata da yawa, wasunsu tsofaffi daga ƙauyuka masu nisa. Zuwan mata wannan gida daɗaɗɗen abu ne, tun zamanin 'yan taru da Nana Asma'u ta kafa domin karantar da matan karkara. Ɗalibar da ke karatun digiri a yau ya kamata ta tsaya a nan ta san cewa karatun mata a ƙasar nan yana da tushe mai zurfi.

Ladabin wurin shi ne a shiga da sutura ta kamala, a cire takalmi inda aka ce a cire, a rage murya, a yi wa mamata addu'a kamar yadda aka koyar. Kada a ɗaga waya a fara ɗaukar hoto sai an tambaya. In kun sami dattijo daga masu kula da wurin, ɗayanku ya rusuna ya gaishe shi: "Baba, ina kwana? Mu ɗalibai na, mun taho mu ga wuri, ko za a taimaka a nuna muna?" Wanda aka gaisa da mutunci yakan ba da labarin da ba ya cikin littafin aji. Ku tanadi canji ƙanana don sadaka, ku ba mutum ɗaya ya riƙe, domin masu roƙo na da yawa, in kowa ya ciro nasa sai a rasa na komawa.

Daga nan Masallacin Shehu da Masallacin Bello da ƙofar fadar Sarkin Musulmi duk ƙafa na kai mutum. In ranar Juma'a ce kuka zo, ko kuka dace da hawan sallah, za ku ga dogarai da dawaki da 'yan algaita ba tare da kun biya kowa ba. Ku ratsa ta wajen madunka ku ga aikin fata. Fatar jan akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ketare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Kallo kyauta ne, ɗan ƙaramin zabira ko maƙalin makulli kuma bai fi ƙarfin ɗalibi ba.

Gidan tarihi na Waziri Junaidu shi ke son a ware masa lokaci na musamman, a ranar aiki. Akwai rubuce-rubucen hannu na malaman jihadi, da wasiƙu, da makamai da kayan sarauta. Kafin ku je, ku nemi takarda daga shugaban sashenku mai nuna cewa ku ɗalibai ne masu ziyarar ilimi. Takarda mai hatimi na sa a karɓe ku da muhimmanci, a haɗa ku da wanda zai yi muku bayani. Ku ajiye kwafinta, za ta yi amfani a Argungu da Kano.

In ƙarfi ya rage da la'asar, a bi ta Giginya, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta fuskanci Turawa ranar 15 ga Maris 1903. Yau gari ya cinye wurin, sunan ya rage a filin wasa da otal. Amma ku tsaya, wanda ya fi ku sanin tarihi ya ba da labarin yadda Attahiru ya fita da jama'arsa gabas har zuwa Burmi, inda ya yi shahada a watan Yulin wannan shekarar.

Tafiyar yini guda

Hanyar kudu, wadda ta nufi Tambuwal da Jega, ita ce ta fi dacewa da masu farawa, saboda babbar hanya ce mai motoci ko da yaushe. Kusa-kusa akwai Boɗinga, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, da Sifawa, inda Shehu ya yi kusan shekara biyar yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato. A zamanin zamansa a Sifawa ne, cikin 1812, ya raba tafiyar da mulki, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Bello, shi ya koma ga karatu da rubutu. Kada ku je da tsammanin manyan gine-gine. Ƙaramin gari ne, abin gani kaɗan ne, abin ji ne ke da yawa. Ku fara da gaida mai garin ko limami, su za su haɗa ku da wanda zai zaga da ku. In kun ƙara gaba kaɗan kuna Shagari, garin Shehu Shagari, shugaban ƙasa na jamhuriya ta biyu, inda aka binne shi a Disambar 2018.

Ta arewa akwai Illela, bakin iyaka da Birnin Ƙonni, mai babbar kasuwar dabbobi da ke ci ranar Lahadi. Ɗaliban aikin gona da likitancin dabbobi da tattalin arziki za su ƙaru ƙwarai: raƙuma, shanu, tumakin Balami da Uda, dillalai na ciniki da naira da sefa. Ranar kasuwa motoci na cika da wuri, ba a daɗe ana jira a tasha. Ku tsaya a ɓangarenmu. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 dokokin ketarawa ke sauyawa, kuma bin ɓarauniyar hanya a kan babur ba abin da ɗalibi zai jefa kansa ciki ba ne. A wannan hanyar ne kuma, a ƙasar Gwadabawa, Degel take, inda Shehu ya tashi ya tara jama'arsa kafin hijira.

Wurno, ribaɗin da Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837 aka binne shi can, ta cancanci ziyara, ga fadamarta ta shinkafa da albasa da tafarnuwa. Sai dai ita da Degel da Illela duka suna cikin wuraren da tambayar nan ta sau biyu ta zama dole, kuma ba a zuwa sai da ɗan gari. Kowace daga cikinsu, ku kasance kun kamo hanyar dawowa kafin la'asar.

Argungu da Gwandu: kwana ɗaya ko biyu

Nan ne asusun zai yi aikinsa. Argungu na da nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, kuma a ganina ita ce tafiyar da ta fi biyan ɗalibi kuɗinsa. A Sakkwato kun ji tarihi daga bakin masu jihadi. A Argungu za ku ji shi daga bakin Kabawa, waɗanda suka yi kusan ƙarni guda suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu. Mai son ya fahimci ƙasar nan yana buƙatar jin ɓangarorin biyu.

Gidan tarihi na Kanta shi ne tsohuwar fada, wadda aka gina a 1831 ake kiranta Gidan Nabame. Sarakuna sun zauna cikinta har 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. Ginin ƙasa ne irin na da, mai sanyi ko da rana ta take. A ciki akwai masu da takubba da sulke da kwalkwali, da tambura, da kayan su, kuma a harabar ne kaburburan sarakunan Kabi suke. Ku ba shi awa biyu aƙalla. Ku tambayi mai bayani labarin Kanta, yadda ya ɓalle daga Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa Surame. Tunda ba za ku iya zuwa Suramen ba yanzu, a nan za ku sami rabonku na labarinta.

Daga nan sai kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin gidajen biyu, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Ba kowace shekara ake yinsa ba. An yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020, saboda haka sai an ji sanarwa. In ana yi, wajen Fabrairu ko Maris ne, kuma dubban masunta na faɗawa ruwa lokaci guda da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa mafi girma. Abin kallo ne na gaske. Amma a kwanakin kuɗin mota da na ɗaki na tashi sosai. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi sammako ya je ya dawo a ranar, ko ya sami gidan aboki tun da wuri. Zuwa a lokacin da ba biki shi ma yana da daɗinsa: gari a natse, masunta na da lokacin hira, kifi na da sauƙi.

Gargaɗi biyu game da ruwa. Kada ku shiga wanka a kogi ko tafki, saboda tsargiya. Kuma kada ku hau kwalekwalen da aka cika maƙil ko wanda babu rigar ruwa. Kifewar jirgi ta ci rayuka a Sakkwato da Kabi ba sau ɗaya ba.

In asusu ya kai, a ƙara kwana a bi ta Birnin Kebbi zuwa Gwandu, inda Shehu ya zauna bayan yaƙe-yaƙen farko, inda kuma Malam Abdullahi ya rasu aka binne shi. Ɗaliban Larabci da shari'a da suka sha karanta rubuce-rubucensa za su so su ga garin da ya rayu. Daga Gwandu ana fitowa ta Tambuwal a dawo gida, kun zaga ke nan ba ku maimaita hanya ba.

A tasha

Ku shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar wanda za a kira. Motar bakin hanya takan fi arha da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma ba wanda ya san direban, ba wanda ya san wa ke ciki. Ku isa bayan sallar asuba. Motar farko ta fi saurin cika, kuma ku isa da sauran yini a gabanku.

Tunda kun kai cikin mota guda, kuna da bakin ciniki. Mutum ɗaya ya yi magana, sauran su ja gefe. "Malam direba, mu shida na, Argungu za mu. In mun cika maka mota yanzu, nawa za ka rage muna?" Direban da zai tashi nan take ba tare da jiran fasinja ba yakan sassauta. Shatar mota zuwa da dawowa kuwa sai an yi lissafi: tana da amfani in wuraren da za ku na warwatse ne, kamar Boɗinga da Sifawa da Shagari a yini ɗaya. In kun yi shata, a ƙayyade wuraren tsayawa da lokacin dawowa tun a tasha gaban ɗan kamasho, a biya rabi, rabi sai an dawo.

Ku duba tayoyi da idonku. In direba na gudun da ya wuce hankali, ku yi magana gaba ɗayanku, da ladabi. Kowa ya riƙe katin makaranta da takardar NIN a jikinsa saboda shingayen jami'an tsaro. Kuɗin dawowa a ware shi daban tun daga gida, tsaba, a hannun ma'aji, kada a taɓa shi ko da me. Dogaro da tura kuɗi ta waya a ƙauye na iya barin mutum tsaye, in sabis ya ɗauke ko mai POS ya ce ba shi da tsaba. Akwai kuma ƙungiyoyin ɗalibai na sashe da na ƙananan hukumomi da kan shirya ziyara da motar makaranta. In kun ji ana shirin irin wannan, ku sa suna, domin da wuya a sami abin da ya fi shi sauƙi.

Masauki da ciki

Arzikin ɗalibi abokan karatunsa ne. A ajinku akwai ɗan Argungu, akwai 'yar Gwandu, akwai ɗan Birnin Kebbi. Ku gina tafiyar a kan garin da kuke da mutum. Amma a yi shi bisa tsari: abokin ya nemi iznin mahaifinsa tun da mako guda, a faɗi yawanku, maza su kwana a zaure ko shago, mata a cikin gida wajen Inna. Kada ku wuce kwanan da kuka faɗa. Kada ku shiga hannu rabbana: sukari, ganyen shayi, sabulu, ko goro ga mai gida sun isa, kuma kuɗinsu bai kai rabin na ɗakin haya ba. Da safe a gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a share inda aka kwana. Gidan da kuka bari da kyakkyawan suna zai karɓi 'yan bayanku.

In babu gidan kowa, a nemi masaukin baƙi mai sauƙi, a duba ɗaki da makewayi da ƙofa kafin a biya, maza nasu mata nasu. Ko'ina za ku kwana, ku tafi da gidan sauro da ɗan bargo, sanyin hunturu a bakin fadama ba wasa ba ne.

Guzuri daga gida ke rage rabin kuɗin ci. Garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, dabino, soyayyar gyaɗa, burodi. Karin safe a sayi ƙosai da kunu ko masa, da rana fura da nono, wadda a garuruwan nan ta fi ta birni kyau da arha. Abinci mai nauyi sau ɗaya a yini ya wadatar, a ci inda aka ga 'yan gari na layi kuma tukunya na kan wuta. Ruwa kuwa kowa da gorarsa, a sayi jakar fiya wata guda a raba maimakon saye ɗaya-ɗaya. A jakar ma'aji a sa farasitamol da gishirin zawo da filasta.

Mai son ya yi nisa

Bayan an yi waɗannan, rai zai so Kano, kuma ta cancanta. Hawan Dutsen Dala, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, Gidan Makama, duk ana iya zaga su a kwana biyu da kuɗin adaidaita sahu, in akwai aboki a Jami'ar Bayero da zai ba da katifa. Matsalar ita ce hanya. Tafiyar ta haura kilomita 500, jirgin ƙasa bai iso Sakkwato ba, kuma motar sai ta ratsa Zamfara, ta Talata Mafara da Gusau da Tsafe zuwa Funtuwa, inda aka sha tare matafiya. Ban ga dalilin da ɗalibi zai bi wannan hanya don yawo kawai ba. Wanda gidansu ke Kano ko Katsina ko Zariya, wanda dole zai bi ta in an yi hutu, shi ne zai iya ƙara kwana biyu a kan tafiyarsa ya ga gari, tunda kuɗin motar dama zai biya shi. Ya shiga motar safe daga babbar tasha, ya tabbatar za ta wuce Tsafe da rana tsaka, in an makara a tashi ya bari sai gobe.

Da kun dawo daga kowace tafiya, a ranar ko washegari, mai rubutu ya karanto abin da aka kashe gaban kowa, a kira masu masauki a yi musu godiya da ban-gajiya. Abin da ya rage a asusu a bar shi ya zama zubin farko na zango mai zuwa, a kuma rubuta kuɗin motar da aka biya da sunan tashar da aka shiga, a miƙa wa 'yan aji ɗaya da ke son su bi sahu.